Kiɗa da Makaɗa: Udu a Umdurman, garaya a Magarya

Duk wanda ya shiga kasuwar Magarya ya tambayi inda ake sayar da udu, rumfar masu turare za a nuna masa. Za a ɗauko masa ƴar kwalba, ko guntayen ice baƙaƙe irin waɗanda alhazai ke zowa da su tsaraba daga Makka, a ce masa ga shi nan, na amare ne. Mai turaren bai yi kuskure ba. A Larabce al'udu ice ne kawai, ko reshe. Sunan ya zauna a kan icen ƙamshi, ya kuma zauna a kan wani abin kiɗa mai tsirkiya wanda Larabawa ke yi wa kirari da sarkin kayan kiɗa. Shi ne zancen wannan fili a makon nan, shi da danginsa na nesa da ke rataye a bangon ɗakunan tsofaffi a Dungas da Washa da Bande, ƙura tana hawansu.

Ƙirar udu kamar an tsaga babban duma biyu ne a tsaye, amma ba duma ba ne. Siraran katakai ake lanƙwasawa da zafi, a jera su gefe da gefe, a manne har su yi ƙoƙo. Fuskarsa ma katako ce marar kauri, wuyansa gajere, kansa ya karye ya koma baya. Na yau galibi tsirkiya 11 gare shi: goma an jera su biyu-biyu, ɗaya mai kauri tana zaune ita kaɗai tana ba da amon ƙasa. Ana kaɗa shi da wani siririn abu da suke kira risha, wato gashin tsuntsu, ko da yake yanzu na roba ne ko na ƙaho. Abin da ya fi shafar kunne shi ne wuyansa ba shi da ƙarafan nan da ke gitta wuyan gita. Yatsa na da damar tsayawa inda ya ga dama, ya zame daga amo zuwa amo ba tare da ya yi tsalle ba. A nan udu da garaya da gurmi suka yi tarayya.

Tarihin udu a rubuce yake, kuma nan ne ya yi wa kayan kiɗan ƙasar Hausa fintinkau. A Bagadaza, tun kwanakin Haruna Rashid, Ibrahim al-Mausili da ɗansa Ishaƙ su ne manyan makaɗan fada. Masanin falsafa al-Kindi ya yi rubutu a kan tsirkiyoyin udu a ƙarni na 9. Al-Farabi, wanda ya rasu wajen 950, ya wallafa babban littafi sukutum a kan ilimin kiɗa, ya auna tazarar da ke tsakanin amo da amo kamar yadda mai awon gona ke auna iyaka. Cikin almajiran gidan Mausili aka sami wani da ake yi wa laƙabi da Ziryab, sunan wani baƙin tsuntsu mai zaƙin murya, an ce saboda baƙin fatarsa. Ya bar Bagadaza ya isa Ƙurɗuba ta Andalus a 822, sarki Abdurrahman na biyu ya karɓe shi hannu bibbiyu. Marubutan tarihi sun ce shi ya ƙara wa udu tsirkiya ta biyar, shi ya sauya mabugin ice da gashin gaggafa. Daga Andalus abin ya haura Turai. Abin kiɗan da Faransawa ke kira luth, sunansa al'udu ne da harshen Bature ya tauna.

Ba a gane kiɗan udu sai an gane abin da Larabawa ke kira maƙami. Hanya ce da murya ke bi: amon da za ta tashi daga kansa, inda za ta huta, matakin da za ta hau, da ƙofar da za ta bi ta komo gida. Kowane yana da suna da hali. Rast mai natsuwa ne da kwarjini, Saba mai sa ƙwalla, Hijaz shi ne wanda ladanai da yawa ke kiran salla da shi, ga kuma Bayati da Nahawand da Sika da Ajam. A wasunsu akwai amon da ke faɗawa tsakanin maɓallai biyu na fiyano, inda babu maɓalli, shi ya sa wuyan da ba shi da ƙarafa ya dace da su. Mutumin Magarya da zai ce bai taɓa jin waɗannan abubuwa ba, ya ji su, sunansu ne bai sani ba. Duk wanda ya taɓa jin lasifikar masallaci tana sakin ƙira'ar Abdulbasit Abdussamad ko ta Minshawi kafin sallar Juma'a ya ji Bayati, don da shi makarantan Masar suka saba buɗe karatu, da shi suke rufewa, a tsakiya su ratsa Saba da Hijaz da sauransu. Wannan ba ya nufin karatun Alƙur'ani waƙa ne, Allah ya kiyaye. Hanyoyin murya ne da al'umma ɗaya ta gada, mai tilawa ya bi su da ladabinsa, makaɗi ya bi su da nasa.

Inda gwanin udu ke nuna kansa shi ne taƙsimi: ya zauna shi kaɗai, ba ganga ba mawaƙi, ya ɗauki maƙami guda ya yi ta zagaya shi, ya leƙa maƙwabcinsa, ya komo, duk nan take. Masu sauraro a Alƙahira ko Halab ba su yin tsit irin na Turawa. In ya sauke da kyau sai wuri ya ɗauki shewa, kamar filin dambe in an yi kisa. Masarawa sun fi son udu mai kaurin murya, mai bin bayan mawaƙi. Muhammad al-Ƙasabji ya share shekaru yana zaune bayan Ummu Kulsum da udunsa har ya rasu a 1966, Farid al-Atrash kuwa fina-finai suka kai hannunsa ko'ina. Iraƙi ta bi wata hanya. Sharif Muhyiddin Haidar, wanda ya taso a Istambul, ya jagoranci makarantar kiɗa ta Bagadaza daga 1936, ya horar da Jamil Bashir da ƙanensa Munir. Munir ɗin nan, wanda ya rasu a 1997, shi ya fitar da udu daga bayan mawaƙi ya zaunar da shi shi kaɗai a manyan zaurukan Turai, yana kaɗawa a hankali, yana barin shiru ya yi nasa aikin.

A 1932 sarki Fu'ad na Masar ya tara masana kiɗa a Alƙahira, Larabawa da Turkawa da Turawa, aka ɗauki makaɗan Maroko da Aljeriya da Tunisiya da Siriya da Iraƙi a faifai. Cikin abin da aka yi ta sa-in-sa a kansa har da ko ya dace fiyano ta shiga kiɗan Larabawa. Abin mamaki, wasu Masarawa ne ke son ta don a ce an ci gaba, baƙin Turawa kuwa na cewa a bar kayan gado yadda suke. Mai karatu ya riƙe wannan gardama, za ta sake ɓullowa a Damagaram.

A Magrib gadon Andalus ne ya zauna. Can ana jera waƙoƙi cikin abin da suke kira nuba: maƙami ɗaya, a fara da tafiyar hawainiya, a yi ta ƙara sauri har a ƙare da gudu. An ce da can 24 ne, kowace sa'a da tata. Yau Maroko na riƙe da 11, Tunisiya da 13. Sauran sun bi tsofaffin da suka san su zuwa kushewa. A San'a ta Yaman kuwa akwai ƙanbus, ɗan siriri da ake sassaƙawa daga ice guda a rufe da fata, wanda in Bahaushe ya gan shi zai ce molo ne ya ci ado. Zamanin Imam Yahya, wanda ya yi mulki har 1948, an hana kiɗa, makaɗa suka riƙa ɓoye shi cikin riga suna yi a ɗaki a asirce. Bai mutu a hannun masu hani ba. Wanda ya kusa kashe shi udun Masar ne, da ya shigo daga baya ta radiyo da talabijin, samari suka ga shi ne na zamani.

Amma ƙasar da ta fi shafar mai karatun wannan shafi ita ce Sudan. Mutanen bakin Nilu sun karɓi udu daga Masar a farkon ƙarni na 20, to amma ba su karɓi maƙaman Masar tare da shi ba. Waƙarsu ta gado a kan amo biyar take tafiya, ba bakwai ba, kuma a kan biyar ɗin nan suka tilasta wa baƙon ya yi magana. Halil Farah, wanda ya rasu a 1932, yana cikin na farko da suka rera waƙar birni da shi. Da aka buɗe gidan radiyon Umdurman a 1940, sai udu ya zama abokin tafiyar manyan mawaƙa, irin su Muhammad Wardi da Abdulkarim al-Kabli da Abdulƙadir Salim na Kurdufan. Kiɗan Hausa ma galibinsa a kan amo biyar yake. Shi ya sa Bahaushen da bai san Larabci ba yakan ji waƙar Sudan ta shige shi kamar ta gidansu, alhali kuwa ta Masar sai ya daure.

Akwai jinin ƙasar Hausa cikin wannan tarihi tun daga tushe. Hanyar hajji ta ƙasa, wadda ta bi ta Borno da Wadai da Darfur har bakin Bahar Maliya, ta zubar da dubban mutane a Sudan. Wasu guzuri ya ƙare musu, wasu sun tsaya noman auduga a Jazira, wasu kuwa gudun Nasara ne ya kai su, kamar jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru da suka tsira daga yaƙin Burmi na 1903 suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Mutanen Sudan na kiran su duka Fallata, kuma ba kullum sunan ke fita da girmamawa ba. A cikinsu aka haifi A'isha Musa Ahmad a Kasala, uwarta Bahausa, ubanta malami Bafillace, dukansu daga ƙasar Sakkwato. A makarantar allon ubanta a Umdurman ta gyara harshe da murya. Ta fara waƙa a gidajen biki tana ƴar shekara 14. Uban bai so ba, ya aurar da ita don ta bari, auren ya mutu, ta koma. Wani kamfanin faifai ya kai ta Alƙahira ya ɗauki muryarta, faya-fayan suka bazu a gidajen gahawa na Sudan. A 1942 ta zama mace ta farko da ta rera waƙa a radiyon Umdurman, kuma wadda ta kaɗa mata udu ƙanwarta ce, Jidawiyya. Maza mawaƙa sun ji haushin abin ƙwarai, haushin bai hana komi ba. Ta bar waƙoƙi sama da 150, wasu da Hausa, ta rasu a 1974. Duniya ta san ta da A'isha Fallatiya: sunan gori ne ta ɗauka ta naɗa shi rawani.

To me ya hana udu ya biyo masu komowa gida? Turaren Sudan ya zo, dilka da halawa sun zo har sun shiga gyaran amarya, malaman Sudan sun zo sun koyar a makarantar shari'a da aka buɗe a Kano a 1934, faya-fayan su A'isha ma sun zo. Udu kam ya tsaya can. Dalilan ba su da wuyar gani. Masu zuwa gabas lada da ilimi suka je nema, kuma alhajin da ya sauka daga tafiyar shekara bakwai da abin kiɗa a saɓe ya san abin da gari zai ce. Sa'an nan udu ɗan ɗaki ne, muryarsa ta zaure ce mai shimfiɗa, katakonsa ba ya shiri da hunturun da ke tsaga ƙyaure, alhali kiɗan ƙasar nan na dandali ne da bakin kasuwa. Babban dalili kuwa, gurbin a cike yake.

Garaya tsirkiya biyu gare ta. Cikinta ice ne da aka fafe aka rufe da fata, sandar wuyanta ta ratsa ƙarƙashin fatar, tsirkiyoyin kuma da igiyar fata ake ɗaure su a jikin sandar, a matsa sama ko ƙasa in ana son gyara amo. A kanta akan soka ɗan faifan ƙarfe mai zobba wanda ke kacau-kacau duk sa'ad da aka taɓa tsirkiya. Balarabe zai ce ƙara ce mai ɓata amo. Bahaushe na ganin in babu ita kiɗan bai ji gishiri ba. Babbar yayarta ita ce komo, ta maharba. Gurmi da ƙoƙon duma ake yin sa, molo tsirkiya uku gare shi, kuntigi kuwa ɗaya tak a kan gwangwanin kifi, kuma da ɗayar nan Ɗanmaraya Jos ya zaga duniya kafin rasuwarsa a 2015. Haruna Uji na Haɗeja ya nuna abin da gurmi zai iya a waƙar soyayya. Waɗannan ba jikokin udu ba ne, kada a yi musu ƙaryar asali. Fuskar fata da sandar da ke ratsa ta sun fi kama da abin da aka zana a bangon kaburburan Fir'aunonin Masar, fiye da shekara dubu kafin a ji sunan udu.

Abin da maƙami yake ga udu, shi take yake ga garaya. Hausa harshe ne mai hawa da sauka, tsirkiya kuwa tana iya bin hawan da saukan har mai sauraro ya ji magana inda ba a buɗe baki ba. Kowane babban maharbi da takensa, wanda in aka kaɗa zai zabura ya yi kirari, ya faɗi abin da ya kashe da dajin da ya kwana. A wajen masu bori kowane iska da nasa, na Sarkin Rafi dabam, na Ɗangaladima dabam, na Inna dabam, kuma akwai tsarin wanda ake fara kira da wanda ke biye. Mai garayar kirki yana ɗauke da tarin irin waɗannan a ka, da kirarin kowane, da tarihin gidan da ya gaje shi. Wannan ilimi ne, ko mutum yana ƙyamar bori ko ba ya ƙyama. Ɗan abin da aka rubuta a kansa galibi baƙi ne suka rubuta, da Ingilishi da Faransanci, a Kano da Zariya da Katsina da Maraɗi, littattafan kuma suna ɗakunan karatun jami'o'i, nesa da masu abin.

Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne, dangin garaya sun riga sun je ƙasar udu sun zauna kusa da shi. Ayarin da ke tashi daga Damagaram zamanin Sarki Tanimun, ya bi ta Agadas da Gat zuwa Tarabulus, ba fatu da gashin jimina kaɗai yake ɗauka ba, har da bayi. Jikokin waɗanda aka kai arewa suna da kiɗa a Tunis da ake kira stambeli. Babban abin kiɗansa gumbri ne, mai tsirkiya uku da fuskar fata da faifan ƙarfe a ka, kuma a waƙoƙinsa har yau akwai kalmomin Hausa da na Barebari waɗanda masu rerawa da yawa ba su san ma'anarsu ba. Wani Bature, Tremearne, ya tarar da Hausawa masu bori a Tunis da Tarabulus, ya fitar da littafi a kansu a 1914. Taken kowane iska a can sunansa nuba, kalmar nan dai ta kiɗan Andalus. A Maroko ƴan uwansu Gnawa sun kai ga hukumar UNESCO ta sa kiɗansu cikin gadon ɗan Adam a 2019. Udu kansa sai a 2022 ya shiga, da sunan Siriya da Iran. Abin da aka kai can a ɗaure, yau baƙi na biyan kuɗin jirgi su je su saurara.

A nan gida fa? Gundumomin Magarya da Dungas, waɗanda aka raba a 2011, sun haura mutum dubu 900 a ƙidayar 2012, suna cikin inda jama'a ta fi cunkoso a karkarar Nijar. Gona ta haɗe da gona daga Tsatsumburum har Malawa. Gawo ya dawo cikin gonaki, abin a yaba, amma dajin da maharbi zai kwana ciki babu shi, kuma in maharbi ya koma noman rake a fadamar Korama, mai komo ya rasa wanda zai yi wa take. Biki kuwa, wanda da yake ciyar da mai gurmi, ya koma hannun yaro mai lasifika da injin wuta. Tun daga ƙarshen shekarun 1990 ɗakunan ɗaukar waƙa na Kano, daga baya na Damagaram, suka rungumi fiyano, wadda ke ɗauke da ganga da sarewa da goge na jabu duk cikin akwati guda. Gardamar Alƙahira ke nan ta iso, sai dai nan ba a ma zauna an yi ta ba. Ba laifin samarin ba ne; abin da ke da kasuwa suke yi, kuma cikinsu akwai masu fasaha. Amma fiyano amonta a yanke yake kamar bulo, ba ta san zamewar yatsa ba, kunnen da ya tashi da ita kuwa yakan ji garaya ya ce ba ta saitu ba. Ga kuma tsohon ciwo: makaɗi maroƙi ne a idon jama'a, ana son kiɗansa ba a son ba shi ƴa. Ɗan mai garaya da ya shiga lakwal, ko ya sami jarin kai awaki kasuwar Maigatari ran Alhamis, da wuya ya waiwayi sandar ubansa.

Sai batun addini, wanda ba a tsallake shi a zancen tsirkiya. Saɓanin tsoho ne, ya girmi Magarya da Damagaram duka. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi sassauci a kan waƙa da ganga amma ya ware kayan tsirkiya, don a zamaninsa alamar mashaya ne. Ibn Hazm na Andalus ya ce hadisan hani ba su inganta ba. Mafi yawan malaman mazhabobi sun tsaya a kan hani, malaman jihadin Sakkwato ma sun yi suka mai zafi ga kaɗe-kaɗen da ke cakuɗa maza da mata. Wannan fili ba zauren fatawa ba ne. Abin lura kawai shi ne, hukuncin da ya hau garaya shi ya hau udu, a babi ɗaya, amma a Alƙahira mai Azhar ne Nasir Shamma na Iraƙi ya buɗe Gidan Udu a ƙarshen shekarun 1990, ana koyar da kiɗan da ƙirar. Kuma waƙar fiyano da ta cika wayoyin samari ba ta fi garaya tsarki ba. A aikace wanda hanin ya fi ci shi ne tsoho mai tsirkiya biyu, don shi ne ba shi da kowa.

Nijar ta taɓa ganin yadda ake ceto irin wannan abu a bakin rami. Malam Maman Barka, mutumin Tasker a jahar Damagaram, mushen lakwal ne da ya yi suna da gurmi. A 2002, da tallafin UNESCO, ya tafi bakin tafkin Cadi wurin Bukar Tar, wanda ake ɗauka shi ne na ƙarshe cikin gwanayen biram, abin kiɗan Buduma mai tsirkiya biyar da ƙirar kwalekwale. Ya zauna gabansa zaman almajiri, ya koyi kiɗan da waƙoƙin, tsohon ya danƙa masa biram ɗinsa. Barka ya kai shi Turai, ya ɗauke shi a faifai, kafin ya rasu a Yamai cikin Nuwamban 2018. Da ya yi jinkirin ƴan shekaru, da abin da ya rage na biram ice ne da fata a ɗakin ajiya. Cibiyar koyon kiɗa ta Alhaji Taya da aka buɗe a Yamai a 1989 ta tara kayan kiɗan ƙasa a irin wannan ɗaki, kuma aikin kirki ne, sai dai garayar da ke rataye ba ta faɗin take.

Da yaƙi ya ɓarke a Sudan cikin Afrilun 2023, ginin radiyon Umdurman, inda tsofaffin faya-fayan ƙasar suke, ya faɗa hannun mayaƙa har Maris na 2024. Muryar Fallatiya ba ta ɓace ba, don an riga an kwafe ta, tana yawo a intanet da wayoyi daga Kasala har Kano. Mai garayar da ke wani ƙauyen Gushi ko Dogo-Dogo, nasa kwafin yana cikin kansa kawai. Aikin bai kai na Barka tsada ba. Gidajen radiyon karkara suna da na'ura, mushe da yawa na riƙe da wayar da za ta ɗauki sa'a uku ba tsayawa, sarakunan Magarya da Dungas da Washa kuma suna da hanyar sanin wanda ya rage a kowane gari ta bakin masu gari da sarakunan baka. Abin da ake bukata ya wuce waƙa ɗaya ta nishaɗi. A sa tsohon ya kaɗa take ɗaya bayan ɗaya, ya faɗi na wane ne, wa ya koya masa, a wane gari, da wace fata aka rufe garayar. A rubuta da boko ko da ajami, a biya shi ladan zamansa, a bar kwafi ɗaya a garin, a kai ɗaya jami'ar Damagaram. Lokacin da ya fi dacewa bayan kaka ne, in damman hatsi sun shiga rumbu, kafin masu ƙarfi su tafi cin rani, sa'ad da dare ke da sanyi, fatar garaya kuma ta bushe ta ɗaure tamau.